Sun zo da waya suna tambayar buhu nawa muka samu, in bayar ko in ƙyale su?

Ɗan Fadamar Suru:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni sanin abin nan. Ni da tsohona muke noman shinkafa nan yankin Suru, damina da rani duka, gonar fadama ce ta gado sai wani ɗan fili da muke karɓa haya. To sati biyu da suka wuce wasu samari biyu da yarinya guda suka zo garinmu da riguna iri ɗaya da manyan wayoyi, suka sauka ƙofar mai gari suka ce wai shiri ne na tattara bayanan ƙananan manoma. Za a zagaya gonarka da waya a auna ta, ka faɗi irin da ka shuka, ranar da ka zuba iri da ranar dashe, taki buhu nawa kuma wane iri, fetur lita nawa injin ya sha, in an yi girbi ka faɗi buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, nawa ka ɗauka. Duk bayanin da ka bayar ana sa maka maki, in makin ya taru su turo katin waya, in ya taru sosai wai har rangwame za a yi maka kan taki. Sannan bayan kaka za su turo saƙo su nuna maka inda kake cikin manoman yankin da abin da waɗanda suka fi ka suka yi.

Ni gaskiya ba katin ne ya ja ni ba, wannan na ƙarshen ne. Akwai maƙwabcinmu da gonarsa ba ta kai tamu ba a ido amma duk shekara amalankensa ta fi tamu zirga-zirga ranar kwasa, in ka tambaye shi me yake yi sai ya yi dariya ya ce Allah ne ke bayarwa, to mun sani Allah ke bayarwa amma ai akwai sababi. Shi kuma Baba ya ce ko kusa, wai wanda ya san yawan buhunka ya san tsakar ɗakinka, kuma da irin wannan rubuce-rubucen aka fara haraji da jangali zamaninsu, daga ƙidaya sai biya. Har ya ce in na sa sunan gonar gado a wayar wani to in nemi inda zan yi noman rani bana.

Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan? Ana samun amfanin da suke faɗi ko dai katin ne kawai a ba ka a tafi da bayananka?

Tsohon Malamin Gona, Argungu:

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi aikin malamin gona shekaru masu yawa kafin in aje, kuma abin da yaran nan ke yi da waya mu da littafi da biro da igiyar awo muka yi shi, don haka ba sabon abu ba ne, kayan aikin ne suka canza. Kwatanta gona da gona yana da amfani ƙwarai, amma sai in awon gaskiya ne, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Fara da faɗin gonar. Manomi goma ka tambaya tara za su ce maka hekta guda gare su. Hekta mita 100 ce tsawo mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi. Da yawa cikin mutanenmu ba su san girman gonarsu da lissafi ba sai lokacin shirin bashin noma na Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, da aka riƙa zagaya gonaki da na'ura, mutum ya shekara ashirin yana cewa hekta biyu gare shi aka auna aka tarar ɗaya da 'yan kai. To ka ga in ka zuba takin hekta guda a rabin hekta, ko na rabi a guda, duk lissafin da za a yi bayan nan ya karkace. Wannan awon da za su yi maka kyauta, ko shi kaɗai ka samu ka ci riba, amma ka ce su ba ka adadin awon ka rubuta a takardarka.

Sai buhu. Buhu ba ma'auni ba ne ɗana. Akwai mai cika shi ya ɗinke baki a sake, akwai mai danna shi da ƙafa ya yi masa hula, wani nasa da ƙaiƙayi da ƙasa wani an sheƙe tas. Ga kuma danshi. Shanshera da aka yanke yau tana iya zuwa da danshi kashi 22 cikin ɗari, wadda ake so a aje ko a kai injin casa kashi 14 ce. Kilo 100 na ɗanyar in ta bushe ta dawo 14 ba za ta wuce kilo 91 ba. Wato mai cewa ya samu buhu 50 ranar bugu da mai cewa 45 bayan shanya, ƙila abu ɗaya suka samu, amma wayar za ta sa ɗaya sama ɗaya ƙasa ta ce ka yi koyi da na saman. Shi ya sa su kansu manyan injinan casa irin na nan Argungu da Birnin Kebbi da sikeli da na'urar gwada danshi suke saye, ba da ido ba.

Yadda muke yi da, kafin a yanke gonar sai mu kafa turaku mu ja igiya mita 5 da mita 5, ba bakin gona ba kuma ba inda ta fi kyau ba, a yanke wannan ɗin daban a buge a shanya a auna. Abin da ya fito ka ninka sau 400 shi ne na hekta. In ka samu kilo 10 to tan 4 ke nan. In ka yi wuri uku ka raba ya fi. Ka tambayi yaran, za su zo su yi irin wannan awon ko kuwa abin da bakinka ya faɗa za su danna? Amsar da suka ba ka ita za ta gaya maka darajar saƙon da za su turo bayan kaka.

Haka taki. Mutum ya ce na zuba buhu huɗu, buhu huɗu na me? Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, buhun kamfa 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi ne kawai, sauran na saiwa ne da ƙwarin tsiro. Kuma lokacin zubawa ya fi yawan muhimmanci. Na ga mutane da yawa suna juye yuriyarsu duka lokaci guda cikin ruwa mai gudu, rabi ya bi ruwa rabi ya bi iska, alhali raba ta ake yi, kashi guda lokacin da shinkafa ke 'ya'ya kashi guda gab da ta ɗauki ciki. In zan yi hasashe kan maƙwabcin naku, ba wani asiri gare shi ba, ƙila yana dasa irinsa yana da kwana 21 ku kuna barin naku ya tsufa a gadon reno saboda jiran 'yan ƙwadago, ko yana dashe a layi tazarar santimita 20 ku kuna yafi, ko ya riga ku cire ciyawa da sati guda. Irin waɗannan ƙananan abubuwan su ne rubutu ke tonawa, kai ba ya riƙe su, in an tambaye ka bara yaushe ka yi dashe sai ka ce bayan Mauludi da kwana kaɗan, kuma watan Musulunci yana matsowa da wajen kwana 11 duk shekara.

Maganar Babanka kuwa kar ka raina ta. Ba ƙauyanci ba ne, ya ga jiya.

Bazamfare Mai Garma, Mafara:

Malam ya hwaɗi gaskiya kan awo, amma ni ta wani ɓangare zan zo, don mu nan abin da ad damuwarmu daban ne. Ɗan'uwa ku can Suru ku gode ma Allah. Mu nan akwai garuruwan da ba ka shiga gonarka sai an biya mutanen daji, ka shuka ka biya, ka zo girbi ka sake biya, kowa ya san wanga zance ba ɓoyayye ba ne. To a irin wanga hali wani ya zo da waya ya rubuta sunana da lambata da taswirar gonata da buhu nawa na kai gida, kuma wayar tana hannun yaron da ban san ɗan wa ne ba, yana yawo da ita kan mashin daga wanga gari zuwa wancan? Ko shi mutumen kirki ne, in anka tare shi a hanya anka amshe ta hwa? Jerin sunayen masu abin hannu na gari guda ke nan an miƙa a faranti. Mu da muke kai hatsi gida da dare kaɗan kaɗan don kar a ƙirga.

Ba wai ban san daɗin kwatance ba. Muna noma a ruwan Bakolori, fangalina da na abokina bango guda ya raba, ruwa guda muke sha, shekara ukku yana hina, sai da munka zauna munka yi lissahi ni da shi kaɗai na gane irina ne ya gauraye, ina ta ɗibar na bara ina maidawa har ya koma wani tsawo wani gajere wani ya nuna wani ɗanye. Na sayo irin shinkahwa FARO 44 mai kyau abin ya gyaru. Amma wannan tsakanina da wanda na sani ne tun muna yara, ba kamhwani ba.

Kuma wani abu, 2021 da anka kashe sabis ɗin waya jihar ga baki ɗaya watan Satumba, duk mai ajiyar lissahinshi a manhaja ya koma kallon gilashi. Littahin makaranta na naira kaɗan bai taɓa cewa babu sabis ba.

Shawarata in za ka shiga, tambaye su wa ka ganin sunanka. In sun ce lamba za a sa maka a madadin suna, kuma abin da za a nuna ma sauran manoma matsakaicin yanki ne ba na wane da wane ba, to da sauƙi. In sunka hwara kame-kame bar su su wuce, tsohonka ya hi su gaskiya.

Na Jega:

Hhhh ni tambayata guda, katin na nawa ne? Don in na ɗari biyu ne wallahi ko ladan zaman da za ka yi kana amsa tambayoyi bai biya ba, gara ka tafi korar jan baki daga gonar. Zamanin Adesina yana ministan gona da aka yi rajistar manoma 2012 aƙalla saƙo na shigowa waya ka je ka ɗauki taki buhu biyu a rabin kuɗi, abu ne da kake ɗorawa kan mashin ka kai gida. Yanzu kuma maki. Maki ana tuwo da shi?

Abban Ilham, Birnin Kebbi:

Bari in faɗi nawa tunda ni na taɓa zama ɗaya daga cikin masu rigar. Bayan na gama makaranta ina zaune ba aiki wani shiri ya ɗauke mu tattara bayanan manoma, ba zan kama suna ba, kuma ba lallai irin waɗanda suka zo muku ba ne. Biyanmu a kan yawan fom ne, kowane manomi da ka cike ana lissafa maka. To ka san halin rayuwa, rana ta take, gonar mutum tana can tsallaken ruwa sai da kwalekwale, man mashin daga aljihunka, sai ka ga abokin aiki ya zauna gindin mangwaro a bakin kasuwa ya tara mutum goma sha yana cikewa, gona nawa? hekta ɗaya. Buhu nawa? sittin. Na gaba ma hekta ɗaya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mana, ba zan zo nan in yi wankan tsarki da ƙarya ba.

Amma abin da ya fi ɓata lissafin ba mu ba ne, ladan ne. Shekarar farko aka ce wanda ya fi kowa amfanin gona a kowace mazaɓa za a ba shi injin ban ruwa, wallahi sai ga mutane suna faɗin adadin da ko a gonar gwaji ba a samu, wani ya haɗa na ƙanensa da na surukinsa ya ce duk daga gonarsa ne. Da aka yi ambaliyar 2020 kuma, wadda duk ɗan Kebbi ya san irin ɓarnar da ta yi wa shinkafar fadama, ana jin raɗe-raɗin za a kawo tallafi sai kowa ya koma bai samu ko tiya ba, har wanda gonarsa ke kan tudu ruwa bai ko leƙa ta ba. Mutum ɗaya gona ɗaya, bara gwarzo bana miskini. Kuma ba na ganin laifinsu sosai, an nuna musu inda kuɗi yake ne suka bi. Matsalar ita ce wannan lissafin ne ake zubawa a kwamfuta a fitar da shawara a turo wa irinku a ce ga abin da manyan manoman yankinku ke yi.

Don haka abin da zan ce ka duba, makin a kan me ake bayarwa. In a kan ka ba da bayani a kan lokaci ne, ko ka samu da yawa ko kaɗan makinka ɗaya, kuma suna zaɓar wasu gonaki su je su auna da kansu, to masu shirin sun san aikinsu. In kuwa wanda ya fi buhu shi ya fi maki, ka karɓi katinka in kana so amma kar ka canza ko ranar dashe saboda saƙonsu.

Sannan ka sani bayanin nan kuɗi ne, ba sadaka suke yi ba. Mai sayar da taki yana son sanin inda ake zuba me, mai injin casa yana son sanin tan nawa zai fito daga Suru da Bagudo kafin kaka don ya san farashin da zai buɗe da shi, banki da masu inshorar gona suna son tarihin manomi kafin su ba da bashi. Wannan na ƙarshen ma zai iya yi maka rana, shekara uku na rubutaccen tarihi ya fi ka je hannu rabbana ka ce ni manomi ne. Amma na mai injin casa ka yi tunani, shi ya san abin da ke gonakinku duka ku ba ku san abin da ke sitonsa ba, wa zai fi ƙarfi ranar ciniki?

Akwai doka kuma, ta kare bayanan mutane, Tinubu ya sa mata hannu a watan Yuni 2023, har da hukumar da ke kula da ita a Abuja. A ƙarƙashinta dole su gaya maka me za su yi da bayananka da wanda za su ba, sai da yardarka, kuma kana da ikon janye yardar ka ce a goge. Mu lokacinmu wani dogon Turanci ne ke fitowa a wayar mu danna masa da kanmu mu wuce. Ka ce a karanta maka da Hausa. Kuma ko da wasa kar ka ba kowa lambar sirrin katin bankinka ko lambar da ake turowa ta saƙo, awon gona ba ya buƙatar su, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne ko rigar wa ya sa.

Hajiyar Ƙungiya, Augie:

Sannunku da ƙoƙari. Ni mace ce kuma ba boko mai zurfi gare ni ba, yarinyata ke taya ni rubutun nan, amma ina riƙe da littafin ƙungiyarmu ta mata masu turara shinkafa, wasunmu kuma suna noma da kansu a gonakin da suka gada ko na mazajensu. Mu ba wanda ya zo mana da waya. Abin da ya sa muka fara rubutu cire tallafin mai ne a 2023, da fetur ya tashi noman rani ya koma wanda bai yi lissafi ba sai ya sayar da akuya ya biya bashin mai. Muka ce kowa ta riƙa kawo abin da ta kashe ranar taron adashe, yarinyar ta rubuta.

Ba mu sa suna, kowa da alamarta, wata tauraro wata tsani wata kifi, ni kaɗai da ita muka san ta wace ce. Don kun san mu mata, in aka ce wance ta samu kaza gobe dangin miji sun ji, masu biki sun ji, mai neman rance ya iso tun kafin a kai buhun ɗaka, ga kuma baki, wanda ya ce babu shi bai zauna da mutane ba.

Abin da ya ba mu mamaki, wadda ta fi kowa yawan buhu ba ita ta fi kowa riba ba. Gonarta yashi-yashi ce ba ta riƙe ruwa, injin kullum yana kuka, da aka cire kuɗin mai da na 'yan ƙwadago sai ga wata baiwar Allah mai ɗan fili a laka, wadda ba ta kai ta buhu ba, ta fi ta abin da ya rage a hannu. Da a ce buhu kawai muke ƙirgawa da ita za mu bi mu duka mu faɗa rami. Daga nan ne mutum uku suka haɗa kuɗi suka sa injin sola a rijiya guda, mai yashin kuma ta koma albasa da rani, ta je har Aliero wurin 'yan'uwanta ta koyo yadda suke reno.

To ɗana abin da zan ce maka, ba sai ka jira baƙi ba. Ku samu ku biyar ko shida da kuka yarda da juna, har maƙwabcin nan in zai yarda, ai in shi ma zai ga na wasu zai fi sakin baki. Kuma ka bi Babanka a hankali, gonar tasa ce. Ka tuna masa ai duk shekara yana ƙirga buhun nan don fitar da zakka, na damina ɗaya cikin goma na ban ruwa da inji ɗaya cikin ashirin, wato lissafin yana kansa daram, ba ƙirgar yake gudu ba, kunnen da zai ji yake gudu.

Tsohon Malamin Gona, Argungu:

Hajiya Allah ya saka da alheri, abin da na manta ke nan, riba ba buhu ba. Kuma maganar yashi da laka ta tuno min, in saƙon nasu ya haɗa mai fadama da mai tudu, ko na damina da na rani, a kwando guda ya ce ga matsakaici, to ba a yi komai ba. Da rani rana ta fi yawa kuma ruwa a hannunka yake, ba mamaki ta fi ba da amfani, da damina kuwa kogi ke da iko. Sai dai in ƙara da cewa akwai abin da littafin mutum shida ba zai nuna ba. Misali irin FARO 66 da FARO 67 da aka fitar 2017 masu jure nutsewa a ruwa har wajen sati biyu, in ba wanda ya shuka su cikinku ba za ku taɓa sanin yadda suke yi a ƙasa irin taku ba, amma in an tattara na ɗaruruwan manoma daga Argungu har Yauri a shekarar ambaliya, nan take za a ga wane iri ya tashi bayan ruwa ya janye. Don haka ban ce a kore su ba.

Ɗan Fadamar Suru:

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, wallahi na ƙaru. Na Jega katin na ɗari biyar ne ba ɗari biyu ba, ka ƙara musu daraja kaɗan hhh.

Jiya sun dawo na tare shugaban nasu da tambayoyin da kuka ba ni. Kan maki ya ce a kan ba da bayani ne ba yawan buhu ba, wannan ya yi. Kan awo ya ce gona ɗaya cikin goma za su zo su yanka da kansu su sa a sikeli. Da na zo kan wa ke ganin suna da kuma ko suna ba masu sayen shanshera bayanan sai ya ce wannan sai ya tambayi ofis, ya karɓi lambata ya ce zai kira, har yanzu dai shiru.

Na karanta wa Baba maganar Hajiya ta zakka ya yi dariya ya ce wannan matar ta san tsofaffi. Gonar gado dai ya ce har gobe a'a, amma ɗan filin haya tunda ni ke biyan kuɗinsa in yi yadda na ga dama, sai dai in fara gaya wa mai filin kar ya ga ana zagaya gonarsa da waya ya zaci sayarwa za a yi. Na sayi littafi mai layi na fara rubuta na noman ranin nan tun daga ranar zuba iri, kuma na yi wa maƙwabcin namu maganar mu haɗa lissafi, bai ce e ba bai ce a'a ba, ya dai tambaye ni su wa da wa za su gani.

Malam don Allah igiyar mita biyar ɗin nan, daga gindin shinkafar ake kafa turken ko daga tsakiyar layi? Kuma sikelin masu kifi na rataye zai yi ko sai na nemi wani?